Ba a Kira Sunanki Ba, Zeinabou

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, babu mai tsallakewa. Ranar Talata sha huɗu ga watan Janairu, daidai da sha huɗu ga Rajab, wajen ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran ƙawata Zeinabou Abdou 'yar Damagaram, wadda take aiki a ofishin kago, masu aika kaya ƙasashe, a Al Rigga. Tana zaune tana cike wa wani takardar kaya ta ce kanta na sara mata, ta kifa shi a kan tebur, shi ke nan. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne. Shekararta arba'in da shida. Washegari aka yi mata sutura a nan Dubai.

Ni ce Mahfuza, Maman Nuriyya ta Deira, ga wanda bai san ni ba. Yau kwana sha biyar ke nan ban ce komai a guruf ɗin nan ba, mutane har suna cewa na yi haƙuri. Ba haƙuri na yi ba, tsoron bakina nake ji. Yau dai zan yi magana, wanda ya ji zafi ya sha ruwa.

Zeinabou, da ke nake.

Kin tuna haɗuwarmu? Shekara tara ke nan, ina sabuwar zuwa, ciwon suga ya kai ni asibiti. Likita na ta zuba bayani, ni kuma ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to, don kar ya raina ni. Kina zaune a benci kusa da ƙofa, ko sanina ba ki yi ba, kika leƙo kika ce, "Yaya, kin san abin da kike cewa to a kai kuwa?" Na ce a'a wallahi. Kika ce, "To allurar safe daban, ta dare daban, ke kuma kin yarda za ki haɗa su ki yi lokaci guda." Kika ja kujera kika zauna, kika sa shi ya maimaita tun daga farko. Daga ranar ban sake shiga ɗakin likita ba ke ba.

Ba ni kaɗai ba ce, kowa ya sani. Wace ce a matan Deira da Al Ras za ta rantse ba ki taɓa raka ta ba? Awon ciki ke ce. Sabunta biza ke ce. Mai gida ya aiko da takardar tashi ke ce, kaya sun maƙale a fot, tashar jiragen ruwa, ke ce. 'Yan Nijar su kira ki da Faransanci, mu mu kira ki da Hausa, alhazai masu shaguna su turo miki hoton takarda ko sallama babu, sai "duba min wannan." Kina cin abinci za ki ture kwano ki ce yalla, mu je. Da yawansu ko sannu ba ki samu ba.

Kuma su ɗin ne dai suka mai da ke abin dariya da kika shiga makarantar koyon Larabci. Na ji da kunnena a gidan suna, wata tana cewa, "Ga Hajiya 'yar firamare nan da jakarta." Kika yi dariya kika ce mata, "Ranar da naƙuda ta kama ki, jakar nan za ki nema." Wata uku ba a yi ba ta neme ta.

Larabcin kasuwa kam kina da shi tun da, na khalas da shwaiya shwaiya. Kika ce shi ba ya isa gaban likita da alƙali, in mutum ya fassara kalma ɗaya ba daidai ba sai ya kashe wani. Shekara huɗu kika yi kina wannan karatu, mataki shida, ki tashi daga aiki ki hau jirgin ƙasa na metro da kayenki a cinya, wato littafin rubutunki, da haka kike ce masa irin na mutanenku. Ki zo gidana ki miƙo min katunan kalmomi, tunda ina iya haɗa baƙi na allo, in karanta miki ke kuma ki faɗi ma'ana. In kin kuskure ki ce ni ce na karanta a karkace. Ke ce kika je har wurin Baban Nuriyya kika ce, "Alhaji, yarinya ta gama sakandare kun ajiye ta tana gadin firji." Bai san lokacin da ya ce ta bi ki ba. Yarinya ta taras da ke a hanya saboda tana da Islamiyya, kuka ƙarasa aji ɗaya, tana ce miki Tanti, kina kwafar aikin gida a wurinta kina ce mata kar ta gaya wa uwarta.

Na taɓa tambayar ki, wai duk wannan wahala ta mece ce, tunda aikin kina yin sa ba takarda. Kika ce da takarda asibiti za su ɗauke ki tafinta, ki daina shiga a matsayin 'yar rakiya ana korar ki. Sai kika ce kuma akwai Inna, mahaifiyarki. Kika ce ranar da kika kai mata takardarki ta Faransanci ko juyawa ba ta yi ba, ta ce a kawo mata ta harshen Alƙur'ani ta gani kafin ta mutu. Tsohuwa tana Damagaram tana jira, duk wanda ya je daga nan sai ta tambaye shi ko an gama.

To ga abin da ya hana ni barci, kowa ya ji.

Jarrabawar ƙarshe ta baki ce, a zauna gaban malamai uku a yi magana. An sa muku ranar Litinin sha shida ga Disamba, ƙarfe tara. Ƙarfe takwas saura wani Alhaji ya kira ni hankali a tashe, iyalinsa ba lafiya, suna asibiti, ba mai jin abin da ake ce musu, ya kira ki ba ki ɗauka ba. Ni na kira ki. Ni. Na san kina da jarrabawa, da bakina na yi miki addu'a da asuba, amma na kira ki, don na san in kin ga lambata za ki ɗauka. Kina tashar metro kika juya. Ba ki fito daga asibitin nan ba sai bayan azahar. Baiwar Allah ta tashi, alhamdulillahi. Abin da ya kai ta ba zan faɗa ba, sunansu ma ba zan kama ba, tunda ke kin tafi da asirinsu a cikinki.

Makaranta suka ce ba komai, suna da ƙa'ida. Wanda bai zo ba saboda larura ya kawo shaida, takardar asibiti mai kwanan watan, sai a sa masa wata rana. Takarda ɗaya tak. Kika je shagon Alhajin kika gaishe shi kika roƙa, ya ce in sha Allahu gobe. Kika koma, ya ce yana lodin kwantena. Na uku ya ce shi gaskiya ba ya son takardar iyalinsa tana yawo a hannun Larabawa. Na ce ki bar ni da shi, kika riƙe min mayafi kika ce, "Yaya bar shi, asirin mutane ne, zai huce." Kina jiran ya huce Allah Ya yi ikonSa.

Ranar sadakar uku malamarku Ustaza Asama'u, 'yar Sudan ɗin nan mai tabarau, ta zo gaisuwa tana kuka. Ta gaya wa Nuriyya cewa ta yi magana da shugabannin makaranta, makinki na shekara ya isa har ya yi yawa, in aka kawo shaidar nan kafin bikin yaye ɗalibai za a sa sunanki a kira ki tare da 'yan ajinku. In ba a kawo ba, a rubuce yake ba ki zo jarrabawa ba, ita ba ta da yadda za ta yi. Na saka hijabi na hau mota har Al Ras. Na same shi yana shan shayi. Na durƙusa, ni da na girme shi. Ku ji abin da ya ce min: "Hajiya, a bar zancen nan mana. Wadda ta mutu me za ta yi da satifiket?"

Me za ta yi da shi. Ranar da iyalinka take kwance ba ka tambayi me za ta yi da jarrabawarta ba, Alhaji.

Ranar Asabar ashirin da biyar ga wata aka yi bikin, a wani hol na otal. Ɗalibai ashirin da biyu, da ke ashirin da uku ne. 'Yan Sin, 'yan Filifin, 'yan Indiya, wani dattijo Baturke, duk sun sha doguwar riga baƙa da hula mai tunku. Kowa aka kira ya hau ya yi jawabi da Larabci kamar a bakinsa aka haife shi. Ko kujera ba a ajiye miki ba, don da takardar sunaye aka ƙirga kujerun. Alhazanmu biyar ne suka zauna a layin gaba da manyan riguna, wai sun zo taya Nuriyya 'yar ƙasa murna, shi ma yana cikinsu, yana tafi. Matanmu kuma sun cika layi biyu suna ɗaukar bidiyo. Wata a bayana ta taɓo ni, na ɗauka gaisuwa za ta yi min, sai ta ce, "Maman Nuriyya, to yanzu dai mun samu madadi, ki turo min lambarta." Kwana goma da binne ki, ƙasar kabarinki ba ta kwanta ba.

Aka kira 'yata, ta hau, ta karɓa. Allah Ya sani na so in yi farin ciki, yarinyar nan ta yi ƙoƙari, amma na kasa. Da aka kira na ƙarshe aka ce a tashi a yi hoto, na miƙe tsaye a tsakiyar mutane, na yi niyyar in ce akwai saura mutum ɗaya. Na buɗe baki. Sai na tuna ba wanda zai ji ni a kan dandamalin nan, mai juya min magana tana kwance a maƙabarta. Na koma na zauna.

Washegari Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar Alhajin ce, ita kaɗai, ko zama ba ta yi ba ta zaro takarda daga jaka. A bakin wata ta ji labarin bayan an dawo daga biki. Ta ce, "Hajiya, wallahi ba wanda ya gaya min. Takardar ai tawa ce, sunana ne a jiki, tana cikin durowata tun ranar. Me ya sa ba ku tambaye ni ba?"

Na karɓi takardar. Me ya sa? Saboda an koya mana ba a tsallake mai gida a je wa matarsa da magana. Ke kika bi ta wurinsa sau uku don girmamawa, ni na bi sau ɗaya har da durƙuso, kwana arba'in muna zagaye shago, alhali tsakanina da durowar nan tafiyar minti goma ce, kuma mai ita ko musu ba za ta yi ba. Wannan ladabin namu ne ya hana a kira sunanki. Don haka in na ce ina fushi da shi, ina fushi da kaina fiye da haka. Ni na ɗauko ki daga hanyar jarrabawa, ni kuma na kasa ƙwanƙwasa ƙofar da ta kamata. Ki yafe min Zeinabou. Na san da kina nan cewa za ki yi ba komai Yaya, to ni a wurina akwai komai.

Shi kuma Alhaji, ban yafe ba tukuna, ba zan yi ƙarya a rubutun mamaciya ba. Haƙƙin ba nawa ba ne ma. Ka nemi danginta ka roƙe su tun kana da numfashi. Masu neman lambar Nuriyya kuma, makarantar tana nan, ana ɗaukar sababbi wata mai kamawa, har da ajin safe.

Ranar Litinin muka kai takardar makaranta, suka karɓa duk da biki ya wuce. Jiya Talata Ustaza Asama'u ta kira mu, ta miƙo min satifiket ɗinki a ofis, daga ni sai Nuriyya sai mai goge ƙasa. Na sa yarinyar ta karanta min shi da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, a tsaye. Daraja ta ɗaya kika samu.

Gobe Alhamis ƙaninki Rabiou zai tashi zuwa gida. Na saka takardar tsakanin kwali biyu na naɗe da zanenki, na ce masa kar ya kuskura ya sa ta a kago, a hannu zai riƙe ta har cikin ɗakin Inna.

Inna Aïchatou, ina yi miki ta'aziyya, ni da ban taɓa ganin ki ba amma na san muryarki a waya. An gama, Inna. Takardar da kika ce a kawo miki tana tafe, mai ita ce ba za ta zo ba. Ina yi wa 'ya'yanta biyu da ke hannunki ta'aziyya, da Rabiou, da dukkan dangi na Damagaram, da 'yan ajinsu. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya raya abin da ta bari.

Ya Allah, baiwarKa Zeinabou ta tsaya wa marasa baki a gaban likita da gaban hukuma ba don a gode mata ba. Ka tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka sauƙaƙa mata tambayar kabari, Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi, Ka yafe kurakuranta, Ka ba ta littafinta a hannun dama. Mu da muka rage Ka sa mu cika da imani, Ka kuma yafe mana abin da muka yi mata. Amin.

Mahfuza, Maman Nuriyya
Deira, Laraba 29 ga Janairu, 2025