Ladanin da Ke Tsakiya

Malam Garzali mai faci ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, kuma shi ne ladanin ɗan masallacin bayan rumfarsa tun gashinsa na baƙi. Agogo kuwa bai taɓa ɗaurawa ba. Kunne yake kasawa: da ya ji muryar Malam Tanko daga babban masallacin bakin titi, sai ya ɗauka. Su kuma ladanan Tarauni ba sa jiyo Tanko, Garzali suke jira. Daga su sai Babban Giji, sai Darmanawa, kowa na bin na kusa da shi. Shi ma ya san haka, har yakan ɗan yi taƙama da abin.

Wata ranar azumi hadari ya taso da yamma, gari ya yi baƙi ƙirin, aka ɗauke wuta. Garzali ya kunna ɗan janaretansa ya tsaya gaban lasifika da dabino a hannu, don shi ba ya sa komai a baki sai ya gama kira. Shiru, Tanko bai kira ba.

"Malam, lokaci fa ya yi!" in ji Ashiru direban adaidaita, yana jujjuya kofin kunu.

"Wayata ta ce da saura," wani ya faɗa daga baya.

"Taka ce ke latti!" Ashiru ya mayar masa.

Garzali ya shiga lissafi. In ya yi jinkiri ya wahalar da jama'a, in ya yi gaggawa azumin unguwanni da dama yana wuyansa. Wallahi tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Can iska ta kawo masa wata murya siririya ta kiran salla. Ai kuwa bai tsaya tantancewa ba, ya ɗaga murya. Ashe rediyon wani mai shayi ce, ta kamo wata tashar gabas inda rana ke riga faɗuwa.

Tarauni ta ɗauka, Babban Giji ta karɓa, kira ya yi ta tafiya har ya daina jiyo ƙarshensa. Ashiru ya kafa kai a kofi.

Garzali na sauke hannu daga kunne sai hadarin ya tsage ta yamma. Ga rana nan jajir a kan rufin shagunan Zoo Road.

"Innalillahi," in ji Ashiru, kunu a gemunsa.

Garzali ya dubi dabinon da ke hannunsa. Duk cikin masallacin nan shi kaɗai ya rage da azumi.