Fiyanon da ke Garejin Sabo

Mijina Sabo mutum ne mai nawa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya ce, "Ni fa ba na sauri." Shekara arba'in da ɗaya ke nan, bai ƙaryata kansa ba.

A garin Sterling da muke zaune, aikinsa kwashe kaya daga gidajen tsofaffin da suka mutu. Can ya tsinci fiyano mai kaɗa kanta: a saka naɗin takarda mai huji-huji, a taka feda, kiɗa ya fito. Ya gyara ta a gareji. Daga nan ya shiga tara naɗin takardun da ƙananan akwatunan kiɗa, yana sa su a shafin gwanjo na intanet.

Wasu masu sayarwa kan sa hamsin a yini. Sabo uku. Ba ya sa naɗi sai ya taka shi tun daga farko har ƙarshe, ya rubuta inda ya yage, inda aka liƙe, har warin danshi in akwai.

Na taɓa ce masa, "Malam, wa zai sayi abin da ka kushe da bakinka?"

"Wata tsohuwa Edna, a Ohio," in ji shi. "Sau tara ta saya."

A watan Maris ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya hana shi hawa bene. Za mu koma wani ɗaki a College Park, kusa da 'yarmu Hasna, a ƙarshen wata. Fiyano ba za ta shiga can ba. Naɗi ɗari uku da sittin suka rage, ba wanda ya ji su.

Hasna ta ce, "Baba, hoto ɗaya, a sa su gaba ɗaya."

"Kin saurare su?"

"Ni nas ce, Baba, ba makaɗiya ba."

Na taka masa sha ɗaya, gwiwoyina suka kumbura. Ban ji komai a kiɗan ba. Dama ban taɓa ji ba.

Ana saura kwana biyar mu tashi ya yarda a sa fiyano da naɗin gaba ɗaya a gwanjo. Yana faɗa da karkataccen baki, ina rubutawa a shafin. Yini guda muka kwashe. Ya lissafa tsagar murfi da fedar hagu mai ƙara, sannan ya sa na ƙara wannan:

"Sha ɗaya kawai aka ji. Wanda ya saya, don Allah kada ya sayar da ko ɗaya sai ya taka shi har ƙarshe."