Zanen da Ke Kan Injin Iska

A Zango, gefen titi, akwai wani tsoho mai faci da ban san sunansa ba. Siriri ne, gemunsa fari fat, hularsa ta sha baƙin mai. Ƙarar injin da yake ba tayoyi iska da shi ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake juyowa. Amma tafin hannunsa ba ya rabuwa da jikin tankin injin, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta.

La'asar ta yi sanyi. Ya kashe injin, ya durƙusa da ƙyar, ya murɗe ɗan famfon da ke ƙasa, ruwan tsatsa yana tsiyaya cikin gwangwani. Sai ga ɗan kabu-kabu ya turo babur ɗinsa yana kira: "Baba, iska!"

"Yi haƙuri, ɗana, je wajen Gambo can gaba. Wannan ya gaji, kuma in ya kwana da ruwa a ciki, tsatsa za ta huda shi."

Ya goge injin, ya ja shi cikin rumfa, ya lulluɓe shi da wani tsohon zanen mace, yana soke gefunan a hankali. Ban tambayi ina mai zanen take ba. Daɗewar da hannunsa ya yi a kai ta ishe ni amsa.