Anti Rukayat, Wadda Ta Koya Mana Kai Kuka

Kafin maigadi ya tayar da janareta, Anti Rukayat Ndaliman ta riga ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar wani ƙaramin ofishin dillalan hannun jari da ke hanyar Bosso. Daga Tudun Wada take zuwa. Ta goge teburinta, ta kunna kwamfuta, ta zauna jiran manhajar saye da sayarwa ta farka, don manhajar nan sai ta ga dama take aiki. Mu kuma muna jere a benci: tsofaffin malamai irina, 'yan fansho, da 'yan Kasuwar Kure da zaƙin riba ya kwaso.

Ba ita ta ƙera manhajar ba, wani kamfani ne a Legas. Amma ita muke gani, don haka ita ke shan zagi.

Cutar manhajar ɗaya ce. Ka ce a sayar maka da hannun jarinka, a shigar, alama ta yi kore wai saƙo ya isa Legas, ka tafi gida hankali kwance, alhali ko Suleja bai kai ba. Da farashi ke hawa ba wanda ya damu. Da kasuwa ta rufta a 2008, jinkirin 'yan kwanaki kan cinye guzurin tsufan mutum.

Manajan ofishin ya ce mata, "Duk wanda ya zo, ki ce masa sabis ne ya ɗauke. Kada na ji kin zagi manhaja." Ta san da aikin nan take ciyar da marayun yayanta, ta kuma san abin da gargaɗin ke nufi. Duk da haka ta ci gaba da gaya mana gaskiya.

Abin baƙin ciki, mu ne muka fi ba ta wahala. In ta kai ƙara, sai masu gyara na Legas su kira mai kayan su ji ta bakinsa. Mu kuwa an haife mu da kara. Mutum yana ƙonewa a ciki, amma ya ce, "Ba komai, haka Allah ya so, mun gode." Can sai su rubuta cewa abokin ciniki ya gamsu, su rufe magana. Haƙurinmu ne ya daɗe yana rufa wa manhajar asiri.

A gabana aka yi na Baba Ndanusa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Banufen Bida. Ya sa a sayar masa da hannun jarinsa don a yi masa aikin ido a Kaduna. Alama ta yi kore. Ko da ya dawo karɓa, ba a sayar ba, abin da ya rage kuma bai isa aikin ba. Anti Rukayat ta kira Legas, ta saki muryar wayar kowa ya ji. Tsoho ya gyara hula ya fara, "To, ba ko..."

Ta ɗaga masa hannu. "Baba, don Allah kada ka ƙarasa. Allah bai ce ka yi shiru ba. Faɗa musu abin da ka faɗa mini."

Baba Ndanusa ya matso kusa da wayar. Sannan ya ce, "Yaro, injin naka ya yi mini ƙarya. Ni yanzu jikana yana gabana, ba na gane shi."

Ta juya musu da Turanci yadda ya faɗa, ba ta sa masa zuma ba. 

Daga ranar, duk wanda aka cuta sai ta zaunar da shi ya yi magana da bakinsa, da Hausa ko Nufanci ko Gwaranci, ita tana juyawa. Da katin wayarta take kiran Legas. Sai da aka kusa shekara kamfanin ya amsa laifi, ya gyara manhajar. Gyaran bai dawo wa Baba Ndanusa da idonsa ba. Mu da yawa ma bai dawo mana da komai ba.

Anti Rukayat, ke ce bakin marasa baki. Kin ɗauki zagin da ba naki ba, kin kai shi inda ya dace. Ina jin kunya, ina jin takaici, cewa da aka zo rage ma'aikata bara da ke aka fara, mu da kika tsaya wa kuma ba wanda ya taka ya je ya yi magana.

Yanzu tana sayar da zannuwa a wata rumfar aro a Kasuwar Kure, marayun nan kuma an mayar da su makarantar gwamnati. Ku da ke zaune bayan tebur a banki ko ofis, in mai ƙara ya zo, ku kai kukansa sama yadda ya kawo shi. Allah ya saka miki da alheri, Anti, ya buɗa miki wata ƙofar. Na ji dalilin da aka ba ta ranar sallama: wai tana tayar wa abokan ciniki hankali. Ina cikin waɗanda ta tayar wa hankali, kuma na gode.