Ranar da Inna Ta Kasa Gane Ƙaryata

Shekarata ashirin da huɗu lokacin, ina tuƙa jirgin ruwan da mahaifinmu ya bari, ina kai 'yan kasuwa daga Yelwa zuwa ƙauyukan tsallake. Inna ta san ni kamar yunwar cikinta. Tun ina ƙarami in zan yi ƙarya sai na sosa kunne, ita kuwa ta yi dariya ta ce in sake shiri.

Wani dillalin busasshen kifi ya koya mini wata karta da ake kira foka, a rumfar da muke jiran fasinja. A ba kowa kati biyu a rufe, a riƙa buɗe biyar a tsakiya, sai ka ƙara, ko ka bi, ko ka ajiye. Ya ce ba kati ake bugawa ba, mutum ake karantawa, kuma kunnena na tona mini asiri. Wata uku ina horar da hannuna har ya daina tashi. Haƙurin ajiyewa ne ban koya ba. Wata ranar kasuwa na riƙe katin sarki guda biyu, na ga duniya tawa ce, na sa injin jirginmu a cacar. Aka cinye.

Na ce wa Inna sace shi aka yi. Ta daɗe tana kallona, hannuna take jira. Bai motsa ba. Ta yarda, wallahi har da ba ni haƙuri. Zargi ya faɗa kan dattijon da ke gadin jirage a bakin ruwa, aminin mahaifina, wanda ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Bai yi musu da kowa ba, ya naɗe tabarmarsa ya koma garin Wara. Ina ta cewa gobe zan je in roƙi gafararsa, har labarin rasuwarsa ya riga ni.

Da na gaya wa Inna gaskiya ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi yanzu da me za ta riƙa gane ni? Wannan tambayar ta fi asarar injin yi mini ciwo.

Masu sha'awar wannan wasa, ku sani fuskar da kuka koya a rumfa tana bin ku har gida. Na sayi wani injin, amma har yau in na ce wa Inna na ci abinci, sai ta tambayi ƙanwata.