Kuɗin Bencin Baba Mai Sarƙa

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Madarumfa ya san safiyar Asabar da ƙarar sarƙa. Baba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya warware sarƙarshi ta awon ƙasa, ya bi ta gaɓa-gaɓa da tsumma da man gyaɗa. Man kuwa daga kwalbar Inna matarshi yake ɗiba, har takan ce sarƙar nan ta fi ƴaƴan gidan shan mai. Sunanshi ba zan kama ba, don ɗiyarshi Saratu nake aure. Kun san shi da Baba Mai Sarƙa, ni ma a nan zan tsaya.

Bayan ya bar aikin gwamnati, in rigimar gona ta gagari dattawa, alƙali a Maraɗi yakan kira shi ya je ya auna, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Yadda yake yanka ladanshi ne ya sa ake yi da mu a kasuwa. Akwai kuɗin ƙafa, gwargwadon nisan gona. Akwai kuɗin sarƙa. Sai kuɗin benci, na zaman jiran alƙali, wanda ya fi duka tsada, don a cewarshi tafiya magani ce, zama kuwa ciwon baya. Masu rigimar su biyu ke raba kuɗin daidai, kuma su biya tun bai taka gonar ba. In aka tambaye shi na shaidar fa nawa ne, sai ya ce baki ba ya cikin kayan da ya kasa.

Wani ɗan kasuwa daga wajen Gabi bai gane haka ba. Ana jibi shari'arshi ya aiko da rago, wai gaisuwa ce. Baba ya karɓa, ya zuba mishi harawa, ya aika a kira ni. Mutum ba ya tambayar surukinshi dalili. Haka na riƙe igiyar rago a bayan mota har Maraɗi. Da aka kira Baba ya ba da shaida, sai ya waiwayo ya yafito ni. Na shiga da ragon, kaina a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wanga ma ya zo gidana kan maganar gonar," in ji Baba. "Na ce ya zo nan ya faɗa da bakinshi."

Ragon bai ce komi ba, sai dai ya zuba kashi a kan siminti. Ni aka miƙa ma tsintsiya. Da muka fito, Baba ya tsare ɗan kasuwar sai da ya biya harawar da ragonshi ya ci.

Na ɗauka wannan ce kunya mafi girma da zan sha a hannunshi. Ashe da saura.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, tabki ya cika har ya cinye shingen aguwa da ya raba garkata da ta maƙwabcina Malam Idi. Da ruwa ya janye, kowa ya tuna iyaka a inda ta yi mishi daɗi. A tsakiya kuwa akwai rijiyar da babana ya gina. Wanda ta faɗa wajenshi shi ke da tumatir da albasar rani, ɗayan sai kallo. Da ita nake ciyar da gidana. Maganar ta kai Maraɗi, alƙali ya ce a kira mai awo.

Ni ba zan iya zama gaban Baba in yi ciniki ba. Na tsuguna bayan zana, Saratu tana kai magana tana kawowa. Na ce ta roƙe shi ya yafe mini ko na benci, tunda ni ɗan gida ne. Ta jima, sannan ta dawo tana rufe baki da gyale. Bai rage ba, ƙari ma ya yi. Ni da Malam Idi za mu raba ukun nan daidai, amma ni kaɗai zan biya na huɗu, kuɗin kunya, don dole zai dubi fuskar surukinshi cikin jama'a.

Na biya. A raina na ce mutumin da ya karɓi wannan ba zai bari jikokinshi su rasa rijiya ba.

Baba ya zo da gaɓoɓin sarƙarshi suna ƙyalli, ya naɗe wando, ya shiga laka yana tono har ya gano saiwoyin tsohuwar aguwa a jere. Ya ja sarƙa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

A kotu alƙali ya tambaye shi ko yana da dangantaka da ɗayanmu.

"Wancan mai sunkuyar da kai mijin ɗiyata ne. Yaron kirki ne, ranka ya daɗe. Rijiyar ta Malam Idi ce."

Da kamu guda rijiyar ta tsallake iyaka. Ashe aron wuri babana ya yi, ya rasu bai faɗa ba. Kafin in iso gida labari ya riga ni: ga wanda ya biya surukinshi ƙari don ya kada shi. Na daina bi ta kasuwa. A majami'a na koma bencin baya. Saratu kuwa sai rama take yi. Kuɗin kunyar nan kuwa, Baba ya sayo ma Inna kwalbar man gyaɗa da shi, karo na farko tun aurensu.

Wata Asabar ba a ji ƙarar sarƙa a ƙofar gidanshi ba. Na iske shi a garkata ya riga ya kafa turke inda ya ce akwai ruwa kusa. Na fara tono. Kullum zai zo da ɗan bencinshi ya zauna cikin rana, da ciwon bayan nan nashi. Ranar da ruwa ya ɓullo Saratu ta kawo abinci. Baba ya dube ta ya ce, "Gaya ma mijinki wanga zaman ba na kuɗi ba ne." Sannan ya ja guga da kanshi ya miƙo mini. Na karɓa, na juya mishi baya, na sha.

Har ya rasu ban iya yi mishi godiya ido da ido ba. Sarƙar tana ɗakin Inna, kuma na lura kwalbar man gyaɗarta tana raguwa duk Asabar.

Ya Ubangiji, bawanka ya gaji da zama. Ka hutar da bayanshi, ka karɓe shi kusa da kai. Ka ba Inna da Saratu haƙuri. Amin.