Rana ta Uku da Na Hana Jikata Zuwa Makaranta

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, mai abin yi a hannu ya ɗan ajiye. Ba tatsuniya zan yi muku ba, don tatsuniya in ta ƙare dariya ake yi a watse. Wannan abu a cikin gidana ya faru, da hannuna a ciki, kuma ba zan manta da shi ba har ranar da za a juya fuskata gabas a rufa mini ƙasa.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Bagudo, gaba da Bahindi kaɗan, ta wajen gulbi. A shekarar da nake ba ku labari jikoki biyu ne a hannuna, duka mata, ɗiyan ɗana. Uwarsu ta rasu wajen haihuwar ƙaramar, ubansu kuwa yana can Dole Kaina yana tuƙa jirgin kaya, sai ya yi wata bai leƙo mu ba. Babbar shekararta goma, tana firamare. Ƙaramar ba ta cika uku ba, kullum tana goye a bayan yayarta, ko tana riƙe da gefen zanenta.

Babbar nan Allah ya yi ta da tambaya. Ina hura wuta sai ta tsuguna ta ce me ya sa hayaƙi ke yin sama, ruwa kuwa ƙasa yake nema. Ni da ban taɓa zama a aji ba, sai in ce ta je ta tambayi hayaƙin, ai shi ya san inda za shi. Ta yi dariya, ta kawo wata.

Ana gab da ba su hutun damina sai aka ce baƙi sun zo makarantarsu daga cikin Bagudo, za su yi kwana uku suna koya wa yara kimiyya. Ba da allo da alli ba, da hannu, kowane yaro ya taɓa, ya gwada, ya gani. Shugabarsu wata malama ce 'yar kudu, Kirista, wadda ta daɗe a Bagudo har Hausa ta zauna a bakinta.

Ranar farko yarinyar ta dawo ko tuwo ba ta kalla ba. Ta ce an ba su wani gilashi mai ƙaton ciki, ta tara rana da shi a kan busasshen ganye har ya yi hayaƙi ya kama. Ta ce an ɗiga ruwan tafki a ƙarƙashin wani madubi mai ƙafa da ake leƙawa da ido ɗaya, ta ga halittu masu wutsiya suna iyo a cikin ɗigo guda. Na ce mata shekara sittin ina shan ruwan nan, wutsiya ba ta taɓa shafar maƙogwarona ba.

Ta ce, "Kaka, ai idonki ne bai kai ba."

Na ce, "To malama, Allah ya ara mana naki."

Rana ta biyu aka koya musu tace ruwa. A yanke gindin gorar roba a kifa ta, a toshe bakin da ƙyalle, a zuba gawayi, a bi da yashi, a ɗora tsakuwa, sannan a zuba ruwa mai laka ta sama, ya riƙa ɗiga ta ƙasa garau. Aka ce kowane yaro ya haɗa tasa a gida ya zo da ita gobe, don akwai sauran magana a kanta.

To a ranar nan ne baƙuwa ta sauka a gidana. Uwar mijin ɗiyata ce, daga ƙetaren iyaka, can ƙasar Benin inda ɗiyar tawa ke aure. Mace ce mai ɗaukar magana ta ajiye a ciki, kuma a lokacin ɗiyata na da tsohon ciki a gidanta, inda ƙafata ba ta kai wa sai da dalili. Saboda caɓin damina na sa an zubo mini farin yashin gulbi a bakin ƙofa. A nan baƙuwar ta tuɓe takalmi, ta taka yashin da ƙafarta, ta shigo na shimfiɗa mata tabarma na dama mata fura.

Ba ta kai rabin ƙwarya ba yarinyar ta faɗo gida da gudu. Ta durƙusa ta gaishe mu a gurguje, ta wuce murhu ta tsinci gawayi, ta yanke gora, ta koma bakin ƙofa ta tsuguna. Duk gidan babu yashi mai tsabta sai wannan. Ta sa hannu biyu ta kwashe shi daidai inda sawun baƙuwar ya fito, har yatsu biyar ana gani, ta zuba a gora a kan gawayi.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da ɗibar ƙasar sawun mutum. Da ita ake yi wa mutum sammu, a ɗaure masa ƙafa ko a sa masa ciwo. Baƙuwar ta ajiye ƙwarya a hankali, ta share baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Yaya, ashe haka ake tarbon baƙo a gidan ga? Sawuna ake kwasa a haɗa da gawayi, ina zaune ina kallo?"

Ku ji ni da kyau a nan, don nan ne wurin da nake tsayawa kullum in na tuna. Na san aikin makaranta ne. Ban yi shakka ba ko ta ƙiftawar ido. Amma abin da na hango shi ne matar nan ta haye iyaka tana faɗin cewa gidan su amaryarsu gidan asiri ne, ɗiyata kuwa tana can ita kaɗai da ciki. Yarinyar ta buɗe baki ta ce, "Kaka, na makaranta ne, ruwa za a…" Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce yaushe ta fara sa baki manya na magana. Na fizge gorar, na juye yashin a gaban baƙuwar don ta ga ya koma, na jefa robar cikin wuta. Sannan na ce gobe ba za ta taka makarantar nan ba, kuma in na sake jin zancen gora a bakinta, ko da ƙawayenta ne a bakin rijiya, ban yafe ba.

Kun san nauyin wannan kalma a bakin wadda ta raine ka. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon robar tana narkewa, tana wari, har ta zama baƙin dunƙule.

Da safe yara suka riƙa wucewa ta bayan zana, kowa da gorarsa a hannu yana taka-tsantsan kar ta zube. Wata ƙawarta ta kira jikata har sau biyu. Tana shara, ba ta ɗaga kai ba. Baƙuwar ta kwana biyu ta tafi da fara'a, har tana cewa ta ga gidan da ake tarbiyya. Ni kuma na ji daɗin maganar. Allah ya yafe mini, na ji daɗinta.

Bayan kamar mako uku gulbi ya taso. Ba daga sama ruwan ya zo ba, sama ma ta ɗauke kwana da kwanaki, daga can gaba ya gangaro. Ya cinye shinkafar fadama, ya shiga rijiyoyi, ya wanke bayan gidajen mutane ya haɗa komai wuri guda. Ruwan da za ka ɗebo ja wur, kamar an dama ƙasa. A daidai lokacin zazzaɓi ya kayar da ni, na kwana shida ban fita tsakar gida ba. Gidan ya koma hannun yarinya 'yar shekara goma, ga itace duk ya jiƙe, ɗan busasshen da ya rage tana lallaɓa shi don kununa da tafasa mini saiwar magani.

Wata rana da hantsi na buɗe ido na ga tana ba ƙanwarta ruwa a moɗa. Ruwan fari tas, har gindin moɗar ana gani. Na san babu irin wannan ruwa a garin a lokacin. Na gane ta haɗa wata gorar a ɓoye, daga baya ma na same ta rataye a bayan rumbu. Na mayar da ido na rufe, a raina ina cewa ashe abin nasu yana aiki, gara da ta ƙi jin maganata.

Kwana biyu bayan haka ƙaramar ta tashi da amai da gudawa. Kafin azahar idanunta sun faɗa, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya ba ta koma ba. Hanya ruwa ya yanke ta. Wani maƙwabcinmu ya sa mu a kwalekwale don ya kai mu tudun da ake samun mashin zuwa asibitin Bagudo. Yayar ce ke rungume da ita, tana ɗiga mata farin ruwan nan a baki daga 'yar kwalba, tana lallashinta. Muna tsakiyar gonakin da suka zama tafki, kan dawa kawai ke leƙowa, sai ta ce da ni a hankali, "Kaka, ta samu barci." Na kai hannu na taɓa. Na ce wa mai jirgin ya juya da mu gida.

Aka yi zaman makoki, aka watse, ruwa ya janye. Har lokacin ba wanda ya san mafarin ciwon, don ba gidanmu kaɗai ya shiga ba. Sai bayan an koma makaranta, wata rana da la'asar, malamar nan ta yi sallama a ƙofata. Ba ta ji labarin rasuwar ba. Ta zauna a tabarmar da baƙuwar ta zauna, ta kwance wani hankici ta fito da gilashin nan mai tara rana. Ta ce ta kawo wa jikata ne, don a duk makarantun da ta zaga ba ta ga yarinya mai tambaya irin tata ba, kuma ta yi ta dubanta a rana ta uku ba ta gan ta ba.

Ta ce, "Mama, abin ya dame ni, don ranar ce mai muhimmanci. Mun sa kowane yaro ya ɗiga ruwan da ya tace a ƙarƙashin madubi. Ruwa fari tas, amma halittun suna nan suna iyo. Gora laka kawai take cirewa. Sai da muka tafasa shi a gabansu, suka sake leƙawa, sannan suka ga komai ya tsaya."

Yarinyar tana bayan zana tana surfe. Na ji taɓarya ta yi shiru.

Ta fito da dusa a hannuwanta. Ba ta kalli malamar ba, ni ta kalla. Ta ce, "Kaka, ashe ni na ba ta."

Na ce a'a, ni ce. Na faɗa mata sau uku, na kama hannunta na faɗa, na rantse mata. Malamar da ta gane abin da ake ciki ta rufe fuska da hankicin nan tana kuka, tana cewa laifinta ne da ba ta faɗi maganar tafasa tun rana ta biyu ba. Mu biyu manya muna ta jan laifin, kowa zuwa wajensa, yarinyar kuwa ta riga ta ɗauka ta shige ɗaki da shi.

Malamai sun ce mini ajali ne, kuma na yarda, kwanan ƙaramar ya ƙare a ranar da Allah ya rubuta. Amma na san hanyar da ajalin ya biyo, ta bakin ƙofata ya shigo. Da na ce wa baƙuwar nan ta yi haƙuri ta zauna mu ga abin da yarinyar za ta yi, da ruwan ya ɗiga a gabanta, da ita da kanta ta yi dariya. Ban faɗa ba. Na ji tsoron bakin babba fiye da yadda na girmama bakin yaro, na yanke mata karatu a tsakiya, ta tafi da rabi tana tsammanin duka ne. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a lokacin da ba zai amfane ni ba: in yaro ya shigo gida da abin da ba ka sani ba, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, ka bar shi ya koma ya jiyo sauran.

Baƙuwar ta rasu bayan shekara biyu, ba ta taɓa sanin abin da sawunta ya jawo ba, ni ma ban aika an faɗa mata ba. Ɗiyata na nan a ɗakinta lafiya da 'ya'ya huɗu, zaman da na tsare mata ke nan. Ɗana bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, sai dai zuwansa gida ya ƙara nisa. Malamar an ce har yanzu tana zaga makarantu, kuma yanzu da tukunya da wuta take fara ranar farko. Ta dawo sau biyu tana roƙon yarinyar ta koma aji, hedimasta ma ya zo, ni ma na roƙa har na durƙusa mata. Ba ta koma ba.

Tana nan tare da ni, ta zama budurwa, tana turara shinkafa tana kai wa kasuwa. Ko ruwan da za ta ba kaji sai ta tafasa. Gilashin yana cikin akwatina a naɗe a hankicinsa, ba ta taɓa tambayar inda yake ba. Wani lokaci in muna bakin murhu nakan ce mata, wai ni kam me ya sa hayaƙi ke yin sama? Sai ta gyara itace ta ce, "Ban sani ba, Kaka."